Ba Ni da Uwa a Gindin Murhu, Amma Littafinmu Ya Fito

Tun da littafinmu ya fito, tambayar da aka fi yi mini ita ce: "Wa ka sani a ciki?" Wasu kai tsaye suke yinta, wasu kuma sai sun zagayo, su ce ai na yi dace da na samu wanda ya tsaya mini. Tambayar ba ta ɓata mini rai. Duk wanda ya leƙa harkar littattafan kwamik, wato labaran da ake bayarwa da jerin zane-zane, daga waje zai ga kamar kowa ya san kowa, editoci da masu zane da marubuta suna ta yabon aikin juna, shi kuma yana gefe da labarinsa a hannu. Amsata dai ɗaya ce: lokacin da na fara, ko mutum ɗaya ban sani ba a wannan sana'a. Abin da ya shigar da ni shi ne shafuka 24 da aka gama zanawa, aka saka musu magana, aka buga, har mutum zai iya riƙe su ya karanta daga farko zuwa ƙarshe. Duk wanda na sani a yau, bayan waɗannan shafukan na san shi, kuma ta dalilinsu.

Ina rubuta wannan ne saboda saƙonnin da nake samu daga matasa masu labarai masu kyau, waɗanda suka naɗe hannu suna jiran wani babba ya kira su.

Akwai ƙofofin da suke a rufe da gaske, gara mutum ya san su tun da wuri. Marvel da DC, manyan kamfanonin kwamik biyu na Amurka, ba sa karɓar labari daga wanda ba su nema ba. Dalilin na shari'a ne. Idan suka karanta labarinka yau, gobe wani marubucinsu ya fito da abu mai kama da shi, kana iya maka su a kotu ka ce sun yi maka sata, don haka ko buɗe saƙon ba sa yi. Kuma jaruman labaran da ke hannunsu mallakarsu ne. Wanda ya yi musu aiki ɗan kwangila ne, a biya shi kuɗin shafi, kaya ya zama na kamfani. Editocinsu ne ke fita neman sababbin mutane, kuma a cikin littattafan da aka riga aka buga a wani wuri suke nema. Ashe ko da burinka ka rubuta musu wata rana, sai ka fara da naka.

Sauran ƙofofin ba a kulle suke ba, sharaɗi ne da su. Image Comics, wanda fitattun masu zane bakwai suka kafa a shekarar 1992 bayan sun bar Marvel, ya daɗe da bayyana ƙa'idarsa ga kowa: ka aiko da bayanin labarin gaba ɗaya a shafi ɗaya, har da yadda zai ƙare, da aƙalla shafuka 5 gamammu waɗanda aka bi da tawada aka saka musu magana, da samfurin bango. Rubutu zalla babu zane, ba sa dubawa. Babu inda suka tambayi wa ya turo ka. A Japan, matashi yakan buga waya ofishin mujalla a ba shi rana, ya kawo gajeren labarin da ya gama, edita ya zauna ya karanta a gabansa, ya gaya masa inda ya yi kyau da inda ya ɓaci. Mujallar 2000 AD ta Ingila, wadda ta fara fitowa a 1977, ta daɗe tana gwada sababbin marubuta da gajerun labarai na 'yan shafuka masu ƙarewa da ba-zata, kuma ta nan fitattun marubutan kwamik Alan Moore da Grant Morrison suka bi a farkon aikinsu. Ƙa'idojin nan suna sauyawa, wani kamfanin yakan dakatar da karɓa na wani lokaci, saboda haka a riƙa duba shafinsu kafin a aika komai. Amma abin da dukansu ke son gani bai sauya ba: ka fara abu, ka kai shi ƙarshe.

A nan ne akasarin masu rubuto mini suke maƙalewa. Kusan kowa da gagarumin labarinsa: duniya guda da ya ƙirƙira, da taswirarta, da sarakunanta, da yaƙin da zai cika littafi goma. Ina son irin wannan buri, ni ma ina da nawa a ajiye. Sai dai lissafi ba ya bari. A wannan sana'a akan ce ƙwararren mai zane da ba ya wani aiki sai zane, shafi ɗaya yake gamawa a yini. Littafi mai shafi 200 ke nan ya kusa cinye masa shekara, in kuma yana da aikin da yake ci da shi, sai a yi maganar shekaru. Wanda bai san ka ba, bai taɓa ganin ka gama komai ba, don me zai ba ka shekarunsa? Shi ya sa na rubuta ƙaramin abu: wata yarinya da kakanta mai gyaran rediyo wanda mantuwa ta fara kamawa. Mutum biyu, ɗaki ɗaya, dare ɗaya. Na zaɓi haka da gangan, don tausayin hannun da zai zana. Marubuci yakan rubuta "rundunar mahaya ta cika kwarin" kafin ya ƙifta ido, mai zane kuma ya kwana uku a kan dawakai.

Ni marubuci ne, ba na zane, don haka babban aikina na farko shi ne samun abokin tafiya. A intanet na same ta. Na daɗe ina bin zane-zanenta kafin in yi mata magana, kuma akwai abin da nake dubawa. Masu zana kyakkyawar fuska guda, jarumi ya tsaya ya riƙe takobi, suna da yawa ƙwarai. Kwamik kuwa yana buƙatar wanda zai zana fuskar nan ɗaya sau hamsin, daga gaba da gefe da sama, tana dariya tana fushi, kuma mai karatu ya gane mutumin nan ne dai. Yana buƙatar wanda ya iya zana hannu, da mutum a zaune kan kujera, da ƙofa a buɗe rabi, abubuwan da ba wanda ke yabawa amma su ne ke riƙe da labari. Ranar da na ga ta saka wani ɗan zane mai akwati huɗu, wato hotuna huɗu a jere, na tsohuwa tana neman tabaraunta alhali yana bisa kanta, babu kalma ko ɗaya amma komai a bayyane, na san ita nake nema.

Saƙon da na aika mata gajere ne. Na haɗa rubutun labarin gaba ɗaya, na faɗi yawan shafuka, na faɗi abin da zan iya biya a kowane shafi da lokacin da zan biya, na ce mallakar littafin rabi da rabi ce tsakaninmu. Kuɗin daga albashina na tara su, kuma sai da suka taru na yi mata magana. Da ta amsa, cewa ta yi: "Yaya, kai ne na farko da ya turo mini gamammen labari da maganar kuɗi a saƙo ɗaya. Saura cewa suke in zana tukuna, in an samu a raba."

Ina da ra'ayi mai ƙarfi a kan wannan. Marubucin da ya nemi a zana masa kyauta bisa alƙawarin rabon ribar da ba ta zo ba, ya ɗora wa mai zane duk kasadar ne, shi ya tsaya gefe. Rubutun shafi 24 aikin 'yan makonni ne, zanensa aikin watanni. In ba ka da kuɗin shafi 24, rubuta labari mai shafi 8 ka biya. In ba ka da ko wannan, nemi wanda shi ma yanzu yake farawa, ku ƙirƙiri labarin tare tun daga tushe yadda zai zama nasa kamar yadda yake naka. Kowanne aka zaɓa, a rubuta a takarda: wa ya mallaki me, nawa za a biya, yaushe, me zai faru in ɗaya ya janye a tsakiya. Tamu yarjejeniyar shafi ɗaya ce, muka sa hannu tun ba a ja layi ko ɗaya ba. Ba don rashin yarda ba ne, don kada zumunci ya lalace ranar da kuɗi suka shigo ne.

Akwai shafin da ya koya mini abin da kwamik yake. Shi ne inda kakan ya ɗago daga kan rediyon da yake gyarawa ya dubi jikarsa bai gane ta ba. A rubutuna akwati shida ne, da magana a kusan kowanne: ya tambaye ta ko 'yar gidan wa ce, ta amsa, ya sake tambaya. Da ta turo zayyanar fensir, sai na ga ta bar wajen magana a akwati ɗaya kawai. Na farko, yatsunsa a kan maɓallin neman tasha. Na biyu, ya ɗago kai. Na uku, fuskar yarinyar tana murmushi, tana jiran ya kira sunanta. Na huɗu, idanunsa, da irin ladabin da ake yi wa baƙo. Na biyar, murmushinta yana nan amma ya tsaya cak. Sai a na shida ya ce, "Sannu da zuwa, wa kike nema?" A ƙasan zanen ta rubuta mini: "Yaya, bar fuskokinsu su yi maganar." Na goge sauran kalmomin. Ta kuma nemi mu matsar da wannan shafi ya faɗo a hannun hagu, domin a littafin da ake karantawa daga hagu zuwa dama, mai karatu yana ganin shafuka biyu a lokaci guda, ido kuma yakan yi satar kallon na dama. Abin da kake so ya bugi zuciya sai ka ɓoye shi bayan juyin shafi. Wannan ya sa muka sake tsara shafuka uku da ke gabansa, kuma har yau shi ne shafin da masu karatu suka fi ambata mini.

Saka magana a cikin zane ni na koya na yi, don rage kashe kuɗi, kuma na ɗauke shi da muhimmanci sosai. Idon edita kan fara sauka a nan. Zane yana iya yin kyau, amma in kumfar magana, wato da'irar da ake rubuta magana a ciki, ta rufe fuskar mutum, ko wutsiyarta ta nuna wanda ba shi ya yi maganar ba, ko aka cusa kalmomi arba'in a wuri ɗaya, nan take ya san sabon shiga ne. Wanda ya fara magana ya kamata ya kasance a hagu, kumfarsa a sama, yadda ido zai gangaro bi da bi ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Kuma akwai haruffan da aka ƙera musamman don kwamik. Kamfanin Blambot yana barin masu buga nasu da kansu su yi amfani da wasu daga cikin nasa kyauta. A karanta sharaɗin kowanne kafin a ɗauka.

Kafin mu je maɗaba'a, mun riƙa sakin shafukan a intanet, ɗaya bayan ɗaya, a rana ɗaya ta kowane mako. Dandali irin su Webtoon Canvas da Tapas suna barin kowa ya ɗora aikinsa ba tare da izinin edita ba, sai dai a can ana karantawa ne a waya daga sama zuwa ƙasa, dole a yanyanka shafin a jera akwatunan a tsaye. Da farko masu karatunmu ba su taka kara sun karya ba. Abin da ya ƙara su shi ne rashin saɓa rana. Wanda ke shakkar wannan hanya ya dubi One-Punch Man: wani ɗan Japan mai kiran kansa ONE ya fara saka shi a shafinsa na intanet a 2009, da zane mai sauƙi wanda ba na ƙwararru ba, amma labarin ya kama mutane har fitaccen mai zane Yusuke Murata ya neme shi da kansa, suka fara sake zana shi a 2012 a ƙarƙashin kamfanin Shueisha. Ba kowa zai samu haka ba, mu ma ba mu samu ba. Abin da muka samu shi ne mutanen da suka ba mu adireshinsu na imel don mu sanar da su ranar da littafin zai fito. Wannan jerin sunayen ya fi mini yawan mabiya a kowane dandali daraja, domin dandali yana iya sauya tsarinsa gobe ya daina nuna wa mabiyanka abin da ka saka, imel kuwa kai tsaye yake zuwa.

Kuɗin bugu daga wajen waɗannan mutanen suka fito, ta hanyar biya kafin fitowa. Da yawa suna yin irin wannan karo-karo a Kickstarter, wanda ya fara aiki a 2009. Tsarinsa shi ne ka faɗi adadin da kake nema da wa'adi. In an cika ka karɓa, in ba a cika ba kowa ya riƙe kuɗinsa. Yana cire kashi 5 cikin ɗari, masu sarrafa biyan kuɗi su ma su cire nasu, kuma ba daga kowace ƙasa ake iya buɗe neman tallafi a can ba. Ko ta wace hanya za a bi, shawarata biyu ce. A gama littafin kafin a karɓi kuɗin kowa, don wanda ya karɓi kuɗi a kan aikin da bai zana ba ya ɗauko bashi da sunansa. Sannan a lissafa kuɗin aikawa da na ambulan da kwali tun farko, a auna nauyin littafin da gaske, domin a nan ribar mutane da yawa take zurarewa.

Maɗaba'a tana da nata ƙa'idojin, ba kuma masu wuya ba ne. Littafin da za a ɗinke da waya a tsakiya dole yawan shafukansa ya rabu da 4, saboda kowace takarda in an ninke ta shafi huɗu take bayarwa. Shi ya sa ake ganin 24, 28, 32. Zanen da ya kai bakin shafi sai an bar masa rarar milimita 3 a kowane gefe, don wuƙar yanka ba ta sauka daidai kullum, magana kuma a ja ta ciki nesa da baki. Zane mai launi ana son ɗigo 300 a kowane inci, baƙin layi zalla kuma 600 ko fiye. Launin da allon kwamfuta ke nunawa da haske yake yinsa, na takarda kuwa da tawada huɗu ake haɗawa, don haka ba sa zuwa ɗaya. Mu baƙi da fari muka yi, da toka-toka a tsakani. Duk da haka, da kwafin gwaji ya iso, sai muka ga shafukan dare sun yi duhu fiye da yadda suke a allo, har kwalaben da ke kan teburin kakan sun narke cikin bango, domin tawada takan ɗan bazu in ta sauka a takarda. Mai zanen ta zauna ta rage duhun tokar a waɗannan shafukan, muka nemi gwaji na biyu. Kada wanda ya yarda a buga masa ɗaruruwan kwafi bai riƙe ɗaya a hannu ya duba a hasken rana ba.

Baƙi da fari ba abin kunya ba ne. A 1984 Kevin Eastman da Peter Laird suka buga fitowar farko ta Teenage Mutant Ninja Turtles, labarin wasu kunkuru mayaƙa, da kansu, baƙi da fari, kwafi wajen 3,000, da kuɗin harajin da aka mayar wa Eastman da rancen da kawunsa ya ba su. Sunan kamfaninsu Mirage Studios, amma ofishin nasu ɗakin zama ne a gidan da suke. A 2009 aka sayar da haƙƙin waɗannan kunkuru ga kamfanin talabijin na Nickelodeon a kan dala miliyan 60 ko kusa da haka, abin da ya yiwu saboda tun farko ba su miƙa wa kowa mallakarsu ba. Jeff Smith ma da kansa ya fara buga Bone a 1991, baƙi da fari, ya kai fitowa 55 a 2004, sannan kamfanin Scholastic ya ɗauke shi ya sake bugawa da launi daga 2005. Babban kamfani ya zo ne bayan masu karatu sun riga sun taru.

Maganar shagunan littattafai kuwa, ban sa rai da su ba a littafin farko, kuma ina ganin daidai ne. Mai rarrabawa da mai shago tare sukan ɗauke fiye da rabin kuɗin da ke jikin bango, abin da ya rage da ƙyar yake biyan bugu in kwafin kaɗan ne. Ga shi kuma Diamond, wanda ya shekara da shekaru yana riƙe da rarraba kwamik ga shagunan Amurka, ya shigar da takardun karyewa a kotu a Janairun 2025, ƙananan masu wallafa da yawa suka shiga zullumi kan kuɗinsu da kayansu da ke rumbunsa. Sayarwa hannu da hannu da ta intanet ta fi wa mai farawa. Lambar ISBN ma, wato lambar shaidar littafi ta duniya, sai in ana son shiga shaguna da ɗakunan karatu take zama dole.

Sanayyar da ake ta tambayata a kanta, a bakin tebur na same ta. Akwai manyan bukukuwan kwamik, irin na San Diyego da aka fara a 1970, da na Angoulême a Faransa tun 1974, da Comiket na Tokyo tun 1975, wanda shi kacokan na masu buga nasu da kansu ne. Ba waɗannan muka je ba. Ƙaramin baje koli muka samu, muka kama rabin tebur, muka jera littafinmu. Mutanen da suka fi yi mini amfani a wurin su ne maƙwabtanmu na dama da hagu, waɗanda su ma yanzu suke tasowa. Daga bakinsu na ji wace maɗaba'a ce ke cika alƙawari, wane kamfani ne ke jinkirin biya, wace mujallar tarin gajerun labarai ce ke neman aiki. Mutum yakan zuba ido yana neman babba ya manta da na kusa da shi, alhali waɗannan tsararrakin su ne editoci da masu wallafa na nan da 'yan shekaru.

A wannan wurin wata mata ta tsaya ta ɗauki littafin, ta karanta shi tsaye har ƙarshe, ta koma shafin kakan ta sake dubawa. Ta biya kuɗin kwafi ɗaya, sannan ta ce, "Malam, me kuke yi yanzu?" Ba ta tambayi inda muka yi karatu ko wanda ya san mu ba. Muna da amsa, don mun riga mun tsara labari na biyu har da shafukan gwaji. Ashe edita ce a wani ƙaramin kamfanin wallafa. Ban cika mata hannu da takardu a wurin ba. Adireshinmu yana cikin bangon littafin, ta ba ni nata, na aika mata bayan an watse. Kafin ita mun aika wa kamfanoni da dama, akasarinsu ko amsa ba su ba mu ba, kaɗan suka ce a'a cikin ladabi. Shiru a wannan harka ba zagi ba ne, tarin saƙonni ne ya fi ƙarfin masu karantawa.

Akwai kuma wani kamfani da ya rubuto mana da kansa, da yabo mai yawa, yana cewa zai wallafa mu ya kai mu duniya, in dai mun biya wani adadi na "shirya littafi". Mun ƙi. Mai wallafa na gaskiya shi ke biyan marubuci, don da sayar da littafi yake samun nasa. Wanda ya nemi kuɗi daga wajenka, kai ne kasuwarsa, ba masu karatu ba. Biyan maɗaba'a daban ne: ka biya aikin bugu, kwafin naka ne, haƙƙin naka ne. Haka ma wakilan marubuta, waɗanda manyan kamfanonin littattafai suka fi son a biyo ta hannunsu: na ƙwarai suna karɓar wasiƙa daga wanda ba su sani ba, ba sa karɓar komai sai sun sayar da littafin, sannan su ɗauki kasonsu, galibi kashi 15 cikin ɗari.

Da yarjejeniyar wallafa labarinmu na biyu ta iso daga kamfanin editar nan, na tuna Jerry Siegel da Joe Shuster, matasa biyu da suka sayar wa wani kamfanin wallafa da Superman kacokan a 1938 a kan dala 130. Sun yi shekaru suna shari'a, sai a 1975 kamfanin ya amince ya riƙa ba su kuɗin shekara-shekara ya kuma mayar da sunayensu kan aikin. Wanda ya daɗe yana ƙwanƙwasa ƙofa, in aka buɗe masa, yakan sa hannu a kan duk abin da aka miƙo don murna, kuma wanda ba shi da kowa a ciki ya fi shiga wannan hatsari, don ba shi da mai ce masa dakata. Mun biya lauya ya karanta mana. Muka duba wa ke riƙe da haƙƙin mallaka, shekara nawa kamfanin zai riƙe izinin bugawa, a waɗanne ƙasashe da harsuna. Muka duba kafin alƙalami, da kason ciniki, da ko daga kuɗin bango ake lissafa kason ko daga abin da ya shiga hannun kamfani bayan an cire na 'yan kasuwa, domin tsakanin biyun akwai tazara mai yawa. Akwai sakin layin da ya ba su haƙƙin fim da kayan wasa. Muka nemi a cire, suka cire ba gardama. Muka nemi a rubuta cewa in littafin ya ƙare a kasuwa ba su sake bugawa ba, haƙƙin ya dawo mana, da sharaɗin cewa ajiye shi a intanet kawai ba ya zama ci gaba da bugawa. Muka nemi sunan mai zanen da nawa su zo da girma ɗaya a bango.

Abu ɗaya ne ba mu samu ba. Mun so haƙƙin fassara ya zauna a hannunmu, suka ce da shi suke mayar da kuɗinsu a ƙananan littattafai irin namu. Mun tattauna ni da ita, muka ga ba mu da hanyar kai littafin ga masu wallafa na wasu harsuna da kanmu, su kuwa suna zuwa kasuwannin da ake wannan ciniki. Muka bar musu na 'yan shekaru ƙayyadaddu, da rabon da aka rubuta a fili, muka sa hannu. Sabon littafin mai shafi 96 ne, kuma yanzu haka mai zanen tana kan bin babi na biyu da tawada.